Littafin da Muka Cinye

Bana ruwa ya yi jinkiri. Kullum da yamma hadari sai ya taso daga wajen teku, ya yi baƙi ƙirin a kan rufin kwanon unguwarmu ta Nima, mata su ruga su kwashe shanya, sannan iska ta zo ta watsa shi kamar ba a yi ba. Shekaranjiya na je Kasuwar Malam Atta awon masara, na ji mai awon tana ce wa wata, "Irin wannan shekara ba a taɓa ganinta ba." Yarinya ce, da ƙyar in ta kai talatin. Na dubi buhunan da ke jibge a bayanta har sun fi ta tsawo, na karɓi awona na dawo gida. Amma tun daga ranar zuciyata ta koma shekarar yunwa, can farkon shekarun tamanin, shekarar da muka kalli irin wannan hadari har muka daina ɗaga kai.

Ina budurwa a lokacin, na gama makarantar midil, ban samu wucewa gaba ba. Muna zaune a ɗaki biyu da ɗan baranda cikin wani gidan haya a gangaren babbar kwata, inda Nima ta haɗu da Mamobi. Mu uku ne a gidan: ni, da mahaifiyata da muke kira Mma, mai sayar da koko da ƙosai a bakin titi, da Baba. Yayana Sule, wanda shi aka kai sakandare, yana Legas yana koyarwa a wata makaranta.

Baba tsohon soja ne. Ya yi yaƙin Bama, can a yaƙin duniya na biyu, yana saurayi, ya dawo da igiya uku, shi ya sa duk unguwa Baba Saje ake ce masa. Da tsufa ya zo, yanar ido ta rufe masa gani, ya zama haske da duhu kawai yake bambancewa. In ka cire lambobin yabonsa da ke cikin wani tsohon gwangwani, dukiyarsa a duniya littattafai biyu ne na tarihin yaƙi, duka da Turanci. Ɗaya ja ne, ƙato, wani Bature da Baba ya yi wa gadi ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Labarin manyan janarori ne da taswirori masu kibiyoyi, kuma gara ta cinye bangon baya da shafukan ƙarshe, don haka a cikin wannan littafi yaƙin bai taɓa ƙarewa ba. Ɗayan kore ne, siriri, Baba da kansa ya saye shi wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi a unguwar Kokomlemle, tun idonsa na gani. Wannan kam labarin sojojinmu ne, baƙaƙen fata da aka kwasa daga nan aka kai dajin Bama. A tsakiyarsa akwai hoton wasu mutane suna ƙetare kogi, ruwa har ƙirji, kaya a ka. Baba ya ce na uku daga hagu shi ne. Fuskar ba ta fi ƙwayar wake ba, kuma ta juya gefe, amma ba wanda ya taɓa yi masa musu.

Ni ce idon Baba. Tun ina 'yar makaranta, kullum bayan la'asar zai zauna a kujerarsa ta tamfol a baranda, ni kuma in jawo 'yar kujerata ta tsuguno in buɗe koren littafin. In karanta layi da Turanci, in juya masa da Hausa. Ba ma yin nisa zai ɗaga hannu.

"Tsaya. Ba haka aka yi ba. Wanda ya rubuta yana cikin tanti a lokacin."

Sai ya ba ni yadda aka yi: wane ne ya zame a kan dutse, wane ne ya yi kuka yana kiran uwarsa da yaren Dagomba, yadda matsattsaku ke shiga cikin takalmi, yadda suke tsayawa a fili suna jiran jirgi ya jefo musu abinci daga sama, da yadda suke kwana da yunwa in gajimare ya hana jirgin zuwa. In muka sake zagayowa wurin, dole in haɗa da gyaransa, in ba haka ba ya sake tsayar da ni. Muna gamawa mu koma farko. Ba wanda ya ba ni littafin nan, amma a raina nawa ne, kuma lokacin nan na bayan la'asar shi ma nawa ne.

Da rani ya shigo a shekarar, sai rediyo ta ce an ba baƙi wa'adi su fice daga Nijeriya. Mma ta daina barci. Mutane suka yi ta kwararowa, wasu a jirgin ruwa, wasu a bayan tifa, yara na bin su a lungu suna kiransu 'yan Agege. Wata safiya muka ga Sule tsaye a ƙofar gida, silifas ɗaya a ƙafa, leɓe a tsattsage. Mutumin da ya tafi yana cewa zai dawo da mota. Ya baro firij, ya baro rediyo mai kaset, ya baro katifa da kayan sawa. Bayan Mma ta gama kuka ta ba shi ruwa, sai ya durƙusa gaban Baba, ya zaro wani abu daga cikin rigarsa.

Littafi ne shuɗi, faɗinsa kamar faranti, takardarsa na ƙyalli, cike da hotuna masu launi na tankoki da jiragen yaƙi. Ya ce tuntuni ya saya wa Baba a ƙarƙashin wata gada, yana jiran ranar zuwa gida.

Baba ya shafa bangon, ya buɗe, ya kai hanci ya shinshina. "Tun daga Legas ka ɗauko wannan?"

"A ƙirji, Baba. Cikin riga."

Baba ya lalubi hannunsa ya riƙe, ya daɗe bai saki ba. Ban taɓa ganin ya riƙe hannun wani haka ba. Ni ma na yi murna ranar, Allah ya sani.

Washegari bayan la'asar na jawo kujerata, koren littafin a hannu. Baba ya ce, "Ramatu, yau bari yayanki ya karanta mana nasa. Je ki taimaki uwarki."

Wannan "yau" ita ce ta zama kullum.

Sule ya iya karatu, ba zan hana shi ba. Muryarsa kamar ta mai karanta labarai a rediyo, yana furta sunayen garuruwan Turawa ba tuntuɓe. Littafin nasa yaƙe-yaƙen Turawa ne a cikin ƙanƙara da hamada, Bama ba ta samu ko cikakken shafi ɗaya ba. Saboda haka Baba ba ya tsayar da shi, ba shi da abin gyarawa. Sai dai ya buɗe baki yana cewa, "Kai! Ashe haka suke yi a can muna cikin taɓo?" Maza 'yan gidan haya suka fara taruwa kallon hotuna. Barandar da da ni da Baba ne kawai, ta cika da mutane, ni kuma ina bayan ɗaki ina fifita kulfot, murhunmu na gawayi.

A nan ne shekara ta fara nuna halinta. Aka ce wuta ta ci gonaki a daji, ta ci itatuwan koko, ta ci rogo da ayaba. Lokacin ruwa ya zo, ruwa bai zo ba. Zafi ya zauna a kan kwano tun hantsi, ɗaki ya zama kamar tanda, babbar kwata ta ƙafe ta bar baƙin laka mai wari. Famfo ya koma yin tari, sai ka buɗe shi ya yi ta huci ba ɗigo. Wutar lantarki ma aka fara rabonta, wai ruwan madatsa ya ja baya. Gero ya ɓace, wake ya ɓace, Mma ta kife tukunyar koko ta jingine kaskon ƙosai a bango. Na je kasuwar Agbogbloshie, inda da doya ke tsibi-tsibi kamar tsaunuka, na tarar da masu dako kwance a cikin kurarsu, ba abin ɗauka. Mutane suka rame har ƙasusuwan wuya suka fito, ana zolayar juna ana cewa wane ya samu sabuwar sarƙa. Muna dariya, don in ba a yi dariyar ba sai kuka.

Azumi ya same mu a haka. Wani dattijo a masallaci ya ce bana kam azumi bai zo da baƙon abu ba, ya tarar muna yinsa.

Ga yadda yini yake tafiya. Mu yi sahur da garin rogo cikin ruwa, in an samu ɗan gishiri a barbaɗa. Ana sallame asuba in ɗauki bokiti in bi mata zuwa duk inda aka ji labarin famfo ya kawo, wani lokaci har Kokomlemle. In dawo in sauke, in wuce layin dokunu, ƙullin masara da ake naɗewa a ganye a dafa, a gidan Anti Dede, wata 'yar ƙabilar Ga da ke bayan gidanmu. Ba a jiran ya dahu. Ɗanye ake saye a ganyensa, kowa ya je ya dafa a gida, don in ka ce sai ya dahu wani zai riga ka. Rana ta hau kanka, ƙafa ta yi nauyi, harshe ya manne. Wani lokaci sai na zo daf da ƙofa Anti Dede ta leƙo ta tafa hannu ta ce, "Ya ƙare koraa, ba ko ɗaya, ku tafi gida!" Ranar sai mu dafa ɗanyar gwanda, ko kontomire, wato ganyen gwaza, da ba manja, mu sha ruwa da shi.

Duk wannan zirga-zirga, Sule yana kwance a ɗaki, fuska a bango. Ba ya fita, ba ya son haɗuwa da abokansa na da. Ba ya tashi sai don salla, sai kuma bayan la'asar, ya wanke fuska, ya ɗauki shuɗin littafinsa ya fito baranda, murya ta dawo masa kamar an kunna shi.

Wata rana na dawo da dokunu biyu bayan tsayuwar da ta kusa kayar da ni. Na wuce ta baranda, gumi har cikin ido. Baba yana dariya, Sule yana kwatanta masa yadda tanka ke juya kanta. Ba wanda ya ce mini sannu. Da aka sha ruwa, na ga Baba ya gutsuri rabin nasa ya lalubi kwanon Sule ya saka.

Na sami Mma tana wanke kwanuka, na ce, "Mma, shi Yaya ba shi da ƙafa ne?"

Ba ta ɗago ba. "Yana da ita. Zuciyar ce ya baro a hanya. Ki bar shi."

"Ni fa? Tawa zuciyar a ina take?"

"Taki tana nan, shi ya sa muke cin abinci. Miƙo mini soso."

Na miƙa mata. Amma tun daga ranar ko kallon shuɗin littafin ba na son yi. In ina shara na tarar da shi a kan kujera, da bakin tsintsiya nake zagaye shi. Na kan tsaya bayan labule ina jiran Sule ya yi kuskure a karatu, bai kuwa yi. Wata rana Baba ya ce masa, "Allah ya yi maka albarka, ka buɗe mini duniya." Ni shekara da shekaru ina karanta masa, abin da nake samu shi ne "Tsaya, ba haka aka yi ba."

Wajen tsakiyar azumi Mma ta faɗi a layin ruwa. Mata suka kawo ta riƙe da kafaɗa. Da na kwance mata zane don ta sha iska, na ga ashe sau biyu take naɗa shi a jiki. Ta daɗe tana rage nata tana ƙara mana, ba mu lura ba. Ta ce ba komai, jiri ne. Ranar ba a yi karatu ba.

Ana cikin haka sai ga wata motar soja ta tsaya a bakin lungu, yara suka watse. Wani matashin kyaftin ne, ɗan wani abokin Baba da suka yi Bama tare, mutumin kudu, yakan zo gaishe shi jifa-jifa. Hausarsa ta bariki ce. Ya ƙame ya sara wa Baba, Baba ya miƙe da ƙyar ya amsa. Kyaftin ya dubi wuyan Baba, ya dubi Mma a kwance a kan tabarma, ya dubi murhun da ba wuta. Ya fita, ya dawo da direbansa ɗauke da rabin buhun masara, irin jar nan ta taimako da ake kawowa daga waje.

"Baba Saje, ni ya kawo kaɗan. Na azumi."

Baba ya taɓa buhun da ƙafa. Fuskarsa ta canza. "Ɗana, na gode. Mayar da shi. Ni ban yi bara ba a Bama, ba zan fara a Nima ba."

Na ji kamar in yi ihu. Mma ta rufe ido. Kyaftin ya yi ta roƙo, Baba ya kafe. Can idon kyaftin ya faɗa kan littattafan da ke kan tagar baranda, su uku a jere. Sai ya koma Turanci, Sule yana juyawa. Ya ce a barikinsu akwai ɗakin karatu na ƙananan hafsoshi, kuma suna neman irin waɗannan littattafai ba sa samu. In Baba zai ba su ɗaya, ko wanne ya ga dama, masarar ta zama musaya, ba kyauta ba.

Duk mun san dabara ce. Baba ma ya sani. Amma dabara ce da mutum zai iya karɓa kansa a ɗage.

"Wannan magana ce," in ji Baba. "Bar buhun. Turo direbanka gobe da hantsi, zan zaɓa."

Da motar ta tafi, Baba ya ce a ɗora masa su uku a cinya. Ni ban ga abin tunani ba. Na ce, "Baba, ba ga jan nan ba? Ba wanda ke karanta shi."

Ya shafa gefen da gara ta ci. "Mutum ya kawo maka masara mai kyau, ka ba shi abin da ƙwari suka rage? A'a." Ya ajiye jan a ƙasa. Saura biyu, kore a gwiwar dama, shuɗi a ta hagu.

Na ce a raina, yau dai Allah ya kawo ƙarshen shuɗin nan. Na gyara murya na yi magana kamar ba ruwana. "Hafsoshi ai hotunan tankoki za su fi so. Sabo ne, ba ko yagewa. Kuma babu kai a ciki, Baba. Koren kuwa da hotonka."

"Kai fa, Sule?"

Sule yana jingine da ƙofa, yana kallon ƙasa. "Ka ba da nawa, Baba. Dama ban kawo komai gidan nan ba. Ko ba komai a ce na kawo masara."

Ya faɗe shi a hankali, ba gori. Da wani ne ya faɗa da na ji tausayinsa. Ni kuwa haushi na ji, don na ga ko a wurin bayarwa ma ya fi ni iya magana.

Baba ya ce ya ji, zai kwana da abin. Mma kuwa ba ta jira ba, ta tashi da rarrafe ta ɗebi masara ta jiƙa.

Da hantsi direba ya zo. Baba ya sa hula, ya zauna a kujerarsa, ya ce, "Ramatu, miƙo mini koren."

Na ɗauka zai ajiye shi gefe ne. Na miƙa masa har da ɗan murmushi. Ya buɗe tsakiya, yatsansa ya tafi daidai kan hoton ba tare da lalube ba, ya ɗan tsaya a wurin. Sannan ya rufe, ya miƙa wa direba da hannu biyu.

"Ka ce wa kyaftin, na uku daga hagu."

Ban san lokacin da na ce "Baba!" ba. Bai juyo ba. Direba ya sara, ya sa littafin a hammata kamar wata tsohuwar jarida, ya bi lungu ya tafi. Sule ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ɗaga masa hannu.

Ni na kai masarar inji, ni na tankaɗe, ni na tuƙa tuwon. Ƙamshinsa ya cika gidan haya har yaran maƙwabta suka zo suka tsaya a bakin ƙofa, Mma ta sa aka ɗiba wa kowane ɗaki. Da aka kira magariba na sha ruwa kawai, na ce ba na jin yunwa. Na zauna ina kallonsu suna cin littafina da miyar kuka. Sule yana ci kansa a sunkuye. Washegari ma na so in ƙi, amma hannuna ya riga ni shiga kwano. Tuwon ja ne, yana da ɗan wari irin na abin da ya daɗe a jirgin ruwa, kuma ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba. Wannan ma ya ƙara mini haushi.

Kwanaki na daina yi wa Baba magana sai gaisuwa. Mma ta fara tashi tana zagayawa. Sule ya ci gaba da karatunsa.

Ana cikin goman ƙarshe, wata la'asar mai nauyi, iska ta tsaya cik, ina bayan ɗaki ina tsince tsakuwa a masara, na ji Baba ya katse Sule a tsakiyar layi.

"Ya isa haka yau. Ramatu!"

Na fito, tire a hannu.

"Jawo kujerarki. Karanta mini ƙetaren kogi."

"Baba, littafin ya tafi bariki."

"Na sani, ni na bayar. Karanta."

Na tsaya ina kallonsa. Maza uku ko huɗu na zaune a barandar, duk suka zuba mini ido. Na ajiye tiren, na zauna, hannuna ba komai. Na buɗe baki don in ce ban iya ba, sai na ji layin farko ya fito da kansa, da Turancinsa, sannan Hausarsa ta biyo. Na kai su bakin kogin da asuba, hazo a kan ruwa. Na ɗora musu kaya a ka. Na faɗi wanda ya zame a kan dutse, da wanda ya kira uwarsa, da yadda aka wuce da akwatin harsashi hannu zuwa hannu. Ban san inda maganar Bature ta ƙare ta Baba ta fara ba, duk sun zama abu ɗaya a bakina. Baranda ta yi tsit. Baba ya jingina kai, leɓensa na motsi tare da nawa.

Can ya ɗaga hannu. "Tsaya. Kin tsallake alfadarin."

"Ban tsallake ba, Baba, yana gaba. Sai an kai tsakiyar ruwa."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Haka ne. Ci gaba."

A nan na saci kallon Sule. Shuɗin littafin yana buɗe a cinyarsa, yatsansa har yanzu a kan layin da aka tsayar da shi. Ba Baba yake kallo ba, ni yake kallo, kuma na gane kallon nan sarai, don watanni ina ɗauke da shi a fuskata. Na gyara zama, na ƙara ɗaga murya.

Da muka tashi, Sule ya same ni a bakin murhu. Ya ce, "Ni bai taɓa tsayar da ni ba, ko sau ɗaya."

"Ai kai ba ka kuskure."

"Ba shi ba ne," in ji shi. Ya ɗauki bokiti biyu da ke jingine a bango, ya tambaye ni ina aka ce famfo ya kawo yau. Ranar ce farkon fitarsa.

Baba bai taɓa gaya mana dalilin zaɓinsa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Mma ta ce don kada a raba Sule da abu ɗaya da ke tashe shi daga kwance ne. Sule ya ce don Baba ya san koren yana cikin kaina. Ni kuma wani lokaci ina ganin so yake hotonsa ya shiga bariki, yara hafsoshi su gan shi cikin ruwa har ƙirji. Daga ranar dai aka raba la'asar biyu, yau shi gobe ni, kowa yana kirga dariyar da Baba ya yi wa ɗan'uwansa.

Ruwan kirki bai sauka ba sai shekara ta juyo. Ranar da ya zo, da rana tsaka ya zo, da ƙarfi, kwano na ƙara har ba ka jin maganar na kusa da kai. Babbar kwata ta cika ta yi ambaliya, muka fito da duk abin da ke riƙe ruwa, har kaskon ƙosai. Baba ya sa aka fitar da kujerarsa tsakar gida, ya zauna a ciki ruwa na dukansa, ya ƙi tashi. Bayan 'yan watanni masara ta cika kasuwa har masu ita na roƙon a saya, Mma ta koma bakin titi da tukunyarta, Sule ya samu koyarwa a wata makaranta a Mamobi.

Baba ya ƙara shekaru kaɗan ya rasu. Bayan sadakar arba'in muka zauna a barandar nan, ni da Sule, kayansa a gabanmu: hula, carbi, gwangwanin lambobi, da littattafai biyu. Mma ta ɗauki gwangwanin ta shige ɗaki. Sule, wanda a lokacin ya yi aure har ya fara ƙiba, ya tura littattafan gabana da irin karamcin manyan yayye.

"Ke kika fi wahala da shi. Zaɓi wanda kike so."

Na san abin da yake tsammani. Jan ne na Baba tun asali, shi ke da warin hannunsa. Na dubi jan, na dubi Sule, na miƙa hannu na ɗauki shuɗin.

"Ramatu, wannan ai nawa ne."

"Ka ce in zaɓa, Yaya."

Na sa littafin cikin mayafina, a ƙirji, na tashi. Yana nan a ƙasan akwatina har yau, ban taɓa karanta ko shafi ɗaya ba. Duk Sallah in Sule ya zo gaisuwa da jikokinsa, sai ya tambaye ni ko na gama da shi, ni kuma in ce masa saura kaɗan.